Taku Goma Sha Ɗaya

A Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru,
Baba Jatau na da wata 'yar takarda
da ninki ya mayar tsumma.
Wani Ba'indiye, injiniyan zare, ya bar masa
ranar da aka garƙame ƙofa:
farare za su taka, kisa a taku goma sha ɗaya.

Shekara goma sha tara yana jera darar Turawan nan a benci.
Baƙin doki ya ɓace tuni,
murfin kwalba ke riƙe masa gurbi.

Ni gyaran waya nake, shagona na kallon bencinsa.
Ran nan ruwan Agusta ya tsare mu a rumfa ɗaya,
na ce, Baba, kawo mu tambayi inji.

Inji ba ya tagumi, ba ya susar gemu.
Ƙirga yake.
Kowane taku reshe ne, reshe ya haifi talatin,
talatin su haifi dubu,
shi kuma yana bi da adda,
yana sare duk wanda bai hango wa 'ya'ya ba.
Zurfi ashirin. Zurfi talatin.
Wayar ta ɗau zafi kamar kaskon ƙosai.
Can ya ce: canjaras.

Baba ya yi dariya har da tari.
Ashe mu biyu ne, in ji shi.
Sai ya yi tsit. Kwano na ta ɗiga.
Ya ce, yaro, wane irin reshe yake fara sarewa?
Na ce, wanda bai ci komai ba, bai tsorata kowa ba.

Ya daɗe yana kallon allo.
Ya ɗaga farin sarki da yatsa biyu,
ya ja shi baya, gida ɗaya, zuwa lungu,
takun da ko yaro zai ji kunyar yi.

Na shigar.
Lambar ta yi rawa, ta tsaya, ta kife:
kisa a goma.
Ga su nan suna zubowa a jere,
ba ko numfashi tsakani.

Tafin Baba ya faɗo kan gilashin.
Kashe, ya ce. Kar ka karanta.
Ya gyara zaman murfin kwalba,
ya tura ni sayo shayi wajen Ilu,
ban da sukari.