Littafin Bashi a Ƙofar Marusa

A rediyo aka ce an yafe haraji
kan audugar mata da kayan jarirai.
Na rage murya, na jawo littafin bashi,
shi dai bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Shafi na tara, Barira matar mai faci:
famfas ƙwaya uku,
ɗaya na zuwa asibiti, ɗaya na ranar suna,
na ukun na ko-ta-kwana.

Shafi na sha biyu ba shi da suna.
Yarinya ce mai tabon biro a hijabi,
takan tsaya sai maza sun watse,
ta nuna da haɓa,
in naɗe mata a tsohuwar jarida.
Watan da ba ta zo ba
na san tsumma ya koma bakin aiki,
kujerarta a aji ta kwana huɗu ba kowa.

Na buga wa dila waya:
Alhaji Nafi'u, ina sauƙin da ake faɗa?
Ya ce haraji kam ya sauka,
kuɗin mota ne ya haye gurbinsa.

An cire ƙaya, ƙafa ba ta sace ba.
Wata kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi.

Bayan la'asar Barira ta leƙo,
goyonta na barci, ta ce ita ma ta ji.
Yanzu nawa?
Na dubi rasit, na dubi ɗan kan da ke rinjaya a bayanta,
na zare hamsin daga ribata,
na ce mata: gwamnati ce.