Wa Ya Ɗauki Dutsen?

Ƙarfe takwas a Naraguta, sanyi na cizon yatsu,
na zana musu bene mai hawa uku a allo:
can sama masu addu'a,
tsakiya masu takobi,
ƙasa masu garma.
Na ce, ga Turai, shekara ɗari takwas baya,
ku rubuta, zai fito a jarrabawa.

Suka duƙufa.
Manomi ɗaure da gona kamar akuya da turke,
in an sayar da ƙasar, har da shi a cinikin.
Kwana uku a mako gumin nasa na ubangida ne,
dami goma, ɗaya na coci,
maniƙa ta mai gari, tanderun ma tasa,
zomon daji in ya kama, ya yi sata.
Ran Lahadi a yi masa addu'a da Latin,
harshen da ko sannu bai sani ba a cikinsa,
ya ce amin, ya koma ga fate-fatensa.

Can sama kuwa kambi da sanda na ja-in-ja,
wa zai naɗa wa, wa zai durƙusa.
Bana sarki na neman gafara, ƙafa ba takalmi cikin ƙanƙara,
baɗi ya dawo da runduna.
Duk wanda ya yi rinjaye,
hatsin da dakarunsa za su ci yana rumbun mutum guda.

Sai na ɗaga hoton wata majami'a,
hasumiya kamar za ta tsokane idon gajimare,
tagogi masu launi, rana na shiga ta fito da ado.
Na ce, an fi shekara ɗari ana gininta,
wanda ya haƙa tushe bai ga rufi ba.
Na faɗi sunan bishop, na faɗi sunan sarki.

Kangyang ce ta ɗaga hannu daga bencin baya,
wadda uwarta ke sayar da kabeji a Farin Gada.
Ta ce, Malam, wa ya ɗauki dutsen?

Na duba littafi. Na juya shafi.
Alli ya karye a hannuna.

Ban gaya mata ba,
amma kakana Mijinyawa ya zo Bukur da ƙafa,
shekara ashirin da biyu kwano na bisa kansa,
yana hawa da ƙasar kuza daga rami
har gashin tsakar kansa ya ƙaura.
Ramin na nan, ya zama kududdufi kore, shiru.
Na taɓa bin takardun kamfani ina neman sa,
na samu nauyin kuza, na samu farashi.

Na ce da ita, daga baya annoba ta zo,
ba ta tambayi kowa hawa na nawa yake ba.
Ƙararrawa ta gaji, masu haƙa kabari suka yi ƙaranci,
alkama ta nuna ba mai yanka.
A nan ne mai garma ya kalli tafin hannunsa
ya gane abin nan yana da kuɗi.
Ta ce, sai da aka mutu?
Na ce, lokaci ya cika.

Da yamma na bi Bauchi Road a keke,
kiran salla ta dama, ganga da waƙar coci daga nesa,
fastar mutum ɗaya manne a bangon kowanne,
can da hula, nan da hannu a ƙirji.
Mai keken bai kalle ta ba, ramuka yake kaucewa.

Yau takardun jarrabawa ke gabana, an ɗauke wuta.
Ga ta Kangyang a hasken waya:
ta zana benen daidai, hawa uku,
sai dai a na ƙasa, inda na koyar a sa masu garma,
ta rubuta Ngo Chundung, mai kabeji.

Tsarin maki bai san wannan amsa ba.
Na daɗe riƙe da jan biro, shayi ya huce.
A ƙarƙashin sunan uwarta, da ƙananan baƙaƙe,
na sa Mijinyawa.