Fanteka

Shekara sha tara ina ɗauke da kantin magani a ka,
fanteka ɗaya, roba ta ɗaure kwalaye kamar dami.
Daga Dole in bi Garin Malam, in ɓullo tasha,
kafin azahar rana ta dafa ni, ta dafa hajata.

Ban yi lakwal ba. Launi nake karantawa.
Ja da rawaya, na ciwon jiki.
Mai hoton mutum dafe da ƙugu, na 'yan dako.
Fari mai tsaga a tsaka, na zazzaɓi,
in yaro ne a karya biyu.
Lokotoro ake ce mini, ni kuwa ina amsawa.

Ranar da rediyo ta ce majalisa ta yi doka
ina gindin bedi, wurin Kiyari mai shayi.
Wai kowace ƙwaya sai ta zo da takardar haihuwa:
wa ya yi ta, a ina, yaushe za ta mutu,
wa ya auna ta kafin ta tsallako iyaka.
Wai magani ba ya yini a rana.
Muka yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Na ce, masu dokar nan sun taɓa shiga farmasi
da dala arba'in a aljihu, ɗa na gida yana rawar ɗari?
Jaka uku za a ce maka, kuma kwalin duka.
Ni biyu nake ɓallewa, in jira kuɗina ran Alhamis.

Ban dai gaya wa Kiyari zancen Tsahara ba.

Damina ce, sauro ya ci gari.
Uwarta Kellu ta tare ni a wani lungun Birni,
ta ce jikin yarinyar garwashi.
Na ba ta siro mai hoton sauro, kwali sabo, hatimi fes,
na saro shi wurin wani mai mota,
daga ƙarƙashin buhunan albasa.
Cokali safe, cokali dare, na ce, kamar na sani.
Kwana huɗu.
Ran na biyar kabu-kabu ya kai su asibiti.
Ma'aikaciya ta ɗaga kwalbar, ta girgiza, ta shinshina:
ruwan sukari ne da launi.
Ba shi ya kashe ta ba.
Tsayawa ya yi bakin ƙofa, zazzaɓi ya gama aikinsa.

Na je gaisuwa.
Kellu ta kwance bakin zane,
ta miƙo dala goma da nake bin ta.
Na karɓa. Wallahi na karɓa,
don ban san yadda ake ƙi ba.

Jiya suka zo, jandarma biyu
da yarinya mai farar riga, sa'ar ɗiyata.
Ta riƙa juya kwalaye ɗaya-ɗaya
tana karanta mini abin da na ɗauka shekaru:
wannan ya mutu tun bara waccan,
wannan na shanu ne,
wannan babu kamfanin da ya san shi.
Ba ta zage ni ba. Baba ta ce mini.
Aka loda, za a ƙone bayan gari.
Fanteka aka bar mini.

Doka ta yi gaskiya, ba na musu.
Amma ku da kuka rufe rijiya mai guba,
ƙishirwar tana nan inda kuka bar ta.
Wa zai ɓalle wa mai dala arba'in guda biyu,
na ƙwarai, da tsakar dare?

Yau gyaɗa ce a fantekar, da ɗan dabino.
Na san abin da ke ciki, zan iya ci a gaban kowa.
Bakin tasha wani ya ƙwala mini, Lokotoro!
Na bar sunan ya wuce ni.