Inci Talatin da Biyu

Wata bakwai ina zubin adashi
a wurin Sabi'u mai walda.
Ranar da kwasa ta zo kaina
ban biya ta gida ba, sai kasuwa,
daga Tudun Wada, a kujerar bayan a-daidaita,
kuɗin a aljihun ciki, hannuna dafe da su
kamar mai ciwon haƙarƙari.

Shagon kuwa, bango guda duk talabijin.
Jan kifi ɗaya yana iyo a allo ashirin,
tsuntsu ya buɗe fiffike, sai ka ƙirga gashinsa.
Yaron shago ya nuna mini babba, ya faɗi kuɗi,
na ce a gai da masu shi.
Na nuna ƙarami can ƙasa, kusa da fankoki,
wanda ko shi bai iya furta sunan kamfaninsa ba.
Sau uku yana cewa albarka.
A na huɗu ya ce, "Kawo, Baba, don dai kai ne."

A gida muka sauke tsohon, mai ƙusumbi,
wanda sai an mare shi yake magana.
Barira ta goge gurbinsa, ta ce, "Ashe bangon nan fari ne."
Muka kunna.
Mai labarai ya fito kamar an shafe shi da manja,
ciyawar filin wasa kore har tana ihu,
ƙwallon kuwa ban gan ta ba,
sai mutane ashirin da biyu suna bin iska.

Iliya maƙwabcina ya ce eriya ce.
Muka ɗaure ta a kan gora,
yana bisa kwano yana juyawa,
ina ƙasa ina "ƙara, ƙara, a'a, dawo!"
har ruwan Agusta ya sauko ya raba mu.
Wani a Panteka ya ce waya ce, na sayi waya.
Wani ya ce wutar unguwarmu ce ba ta da ƙarfi,
na sayi sitabilaiza.
Araha dai ba ta ado:
abin da na rage a ciniki
ya bi ta ƙofar baya ya fita.

Ran Juma'a Suwaiba ta dawo daga makaranta,
ta karɓi rimot, ba ta ko zauna ba.
"Baba, saitin shago ne a kansa,
an yi shi don ya kira mai wucewa."
Ta rage haske, ta rage launi, ta sauke kaifi,
ta ɓare ledar da muka bari don kar ya tsufa,
ta ja labule gefen taga.
Mai labarai ya dawo ɗan Adam.
Uwarta ta ce tar, Iliya ya ce tar.
Ni na ce har yanzu dishi-dishi,
an dai cuce ni.

"Karanta rubutun da ke gudu a ƙasa," in ji ta.
Na ce, "Wane rubutu?"
Ɗakin ya yi tsit.

Asibitin Ido, hanyar Mando, layi tun asuba.
Likita ta sa gilashi, ta cire, ta sa wani,
"Wannan ko wancan?"
Ni da ita kamar ni da Iliya,
sai dai yau ni ne eriyar.

Da tabarau na dawo.
Ga ƙwallo, fara, zagayayya, har ɗinkinta.
Na juya in gaya wa Barira,
sai na ga furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali,
da layi biyu siriri a kusurwar ido,
da facin da ta yi wa zanenta da zaren wani launi.
Yaushe duk wannan?

Ta ce, "Kalli abinka mana, ka biya kuɗi."
Na ce, "To."
Aka ci ƙwallo, unguwa ta ɗauki ihu.
Ban gani ba.