Tsahara ta Bagalam

Shekara talatin ina tsaye bayanta,
ni ce 'yar amshi ta hagu,
ƙeyarta na fi sani, ba fuskarta ba.
Na san jijiyar wuyanta da ke tashi
in za ta hau can sama,
inda ko shirwa sai ta huta kafin ta kai.

Tallan ƙuli-ƙuli take a tashar mota
ranar da Nomau mai kalangu ya ji kiranta.
Ya bar shayinsa yana huci, ya bi muryar
har rumfar masu awon gyaɗa,
ya ce, yarinya, wannan maƙogwaro ba na talla ba ne.

Daga nan Maraɗi ta buɗe mata.
Daren da ta yi wasa a gidan silima
har kan katanga an sayar,
attajirai suka yi ta liƙi da jikka-jikka,
wani ya kwance agogonsa ya jefa.
Ita ko ba ta dubi ƙasa ba.
Ruwan ɗumi da zuma, shi ne shanta,
ran wasa kuwa ba ta magana da kowa,
ko da mahaifiyarta.

Aka kira ta Yamai. Aka kira ta ƙetaren teku,
wani zaure mai hawa huɗu da jajayen kujeru,
mutanen da ba su jin ko "sannu"
suka miƙe tsaye suna share ido.
Ta dawo da akwati biyu da tari.

Tarin ne ya zauna.

A Tibiri, cikin damina, tsakiyar baiti,
ta miƙa wuya, jijiyar ta tashi,
babu abin da ya fito.
Na ɗauki baitin daga bayanta na kai shi gida.
Mata suka rangaɗa guɗa, ba wanda ya gane.
Shekara bakwai ta yi ba ta amsa gaisuwata.

Yanzu garka gare ta a bakin gulbi,
tumatir da zogale, da rijiya mai gishiri-gishiri.
Jiya muna tsinkar ganye a gindin mangwaro
rediyon mai gadi ya saki tsohon faifanta.
Ta tsaya, ganye a hannu, har waƙar ta ƙare,
sannan ta ce, cikin 'yar raɗar da ta rage mata,
"Yarinyar nan ta yi garajen numfashi a baiti na uku."

Ta turo mini ƙwarya. Muka ci gaba da tsinka.