Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Ina da shekara arba'in da huɗu
ranar da tashar jiragen ruwa ta sallame mu.
Aka rataya mini jakar fata, aka ce: Eliodoro,
ga wasiƙu, ga tudu, sai ka hau.
Valparaiso ba gari ba ne, tsani ne
da aka jingina a kafaɗar teku.
Na zagi kowace matakala da sunanta.
Gwiwa na ƙara, huhu na ci da wuta,
na ce wannan aikin jaki ne.

Shekara ashirin da ɗaya ina hawa.
Kare mai ido ɗaya na kwanar gidan burodi ya san ni.
Matar da ke shanya tsakanin taga da taga
takan ji takuna kafin ta ga hulata.
Ban san ajiya nake yi ba.
Wa ya taɓa cewa gumi yana da asusu?

Baldomero kuwa ya dace, haka muka ce.
Kujera a ofishin kwastam, hatimi, fanka,
da tarago mai igiya da ke ɗaga shi har bakin ƙofa,
takalminsa bai san tudu ba.
Ranar Lahadi yakan daki cinyata yana dariya:
"Ƙafar akuya!"

Fresia ta rasu a watan Yuli, tsakiyar sanyi.

Abin ya zo mini, ba zan ɓoye ba.
Ba baƙin ciki ba ne, baƙin ciki yana da fuska.
Wannan hazon teku ne, ya shigo ta ƙasan ƙofa,
ya zauna a kujerarta,
ya lashe gishirin miya,
ya sa cokali ya yi nauyin anga.
Kwana goma sha tara reza ba ta ga fuskata ba.

Rana ta ashirin, ƙarfe biyar da rabi,
ƙafafuna suka tashi ba su shawarce ni ba.
Suka laluba takalmi. Suka sami ƙofa.
Zuciya na baya tana turjiya
kamar yaron da ake ja zuwa wanka.
A matakala ta sittin na tsaya haki,
sai ƙanshin burodi ya same ni,
na ji haushin yadda ya yi daɗi.

Likitar unguwarmu sa'ar jikata ce.
Ta ce masu bincike sun lura,
wanda ya motsa jiki a tsakiyar rayuwa
duhun tsufa kan zo masa da sauƙi.
Na ce, 'yata, wataƙila.
Na san mai dakon kifi da ya fi ni hawa,
duhun bai bar masa ko maɓalli ba.
Ta ba ni ƙwaya, ina sha, ba na jin kunya.
Abin da na sani ƙarami ne:
ranar da rai ya ƙi,
jiki ya tuna hanya.

Yanzu tagar Baldomero ce a rufe.
Taragon ya lalace tun bara,
ya ce shi ya sa. Mun san ba shi ba ne.
Rediyonsa na magana shi kaɗai,
shayi ya yi fata a kofi.

Matakala ɗari da sittin da biyu ne zuwa ƙofarsa.
Ina da saba'in da tara.
Ba ni da wasiƙa, amma ina ƙwanƙwasawa
irin ta mai wasiƙa, sau uku, da ƙarfi.
Wata rana yakan buɗe. Wata rana
ina jin numfashinsa a bayan katako.

Jiya ya sauko goma sha ɗaya,
hannunsa a wuyana, yana zagin kowacce.
Ya zauna, ya dubi jiragen ruwa can ƙasa,
ya daɗe,
sannan ya ce, "Ƙafar akuya,
gobe kada ka zo."

Na riga na goge takalmi.