Minti Biyu na Baba

Daren jiya janareta ya yi tari ya mutu
dikoda na tsakiyar ɗauka.
Da safe na kunna: allo shuɗi,
jerin fayil wayam, kamar rumbu a bazara.

Tasi'u ya zo daga Auyo a babur,
sukudireba a bayan kunne.
Ya hau rufin kwano, ya karkata faranti gabas kaɗan,
ina ƙasa ina ihu: arba'in! sittin da biyu! tsaya nan!
Sigina ya dawo.
Wayar intanet kuwa, ɓera ya ci rabonsa.
Muka yanke, muka sa sabon kai,
'yar fitila ta koma kiftawa kore.

Saura faifan ciki.
Ya kara kunne kamar mai sauraron ƙirjin jinjiri:
ƙas, ƙas, ƙas.
"Hatsin na nan, Sallau,
littafin awon ne ya yage."

Na'ura ta jefo tambaya: a goge duka? E ko a'a.

Ƙwallo dai a goge ta, gobe ma za a buga.
Amma ciki akwai ranar da 'yan talabijin suka zo fadama,
Baba tsaye cikin shinkafa, taɓo har gwiwa,
yana kukan tsadar taki, yana dariya da giɓinsa.
Minti biyu.
Bara muka kai shi makwanci.

Tasi'u ya janye yatsa daga rimot,
ya kwance faifan, ya naɗe a hankici.
"Lahadi zan shiga Haɗeja, akwai mai kwamfuta."
Na zare filogi da kaina.
Yau masu kallo sai haƙuri.